Tashar da Ba a Shiga Mota

Jami'ar Helsinki tana da wani wurin karatu a can ƙuryar arewa maso yammacin Finland, a ƙauyen Kilpisjärvi, sama da kilomita 1,000 daga babban birnin ƙasar. An kafa shi a 1964 bisa himmar Olavi Kalela, masanin dabbobi da ya daɗe yana nazarin ƙananan ɓerayen yankin, waɗanda kan yi yawa a wata shekara, su yi ƙaranci a wata. Masu wurin suna ce masa *biologinen asema*, kuma da wannan *asema* ɗin suke kiran inda jirgin ƙasa ke tsayawa. Ke nan tasha ce.

To amma me Bahaushe zai ji idan aka ce masa tasha? Hayaniyar 'yan kamasho, masu talla, kowa na ƙagara mota ta cika. Mun aro kalmar daga *station* ta Ingilishi, ita kuma jijiyarta tana cikin Latin, inda take nufin tsayawa. Mu muka mai da ita wurin tashi. A Kilpisjärvi kuwa tana nan a ma'anarta ta fari: mutum ya tsaya cik ya zuba wa tsiro ɗaya ido har bazara ta wuce.

A ce reshe? Sai ka ce banki. Sansani? Yana ƙamshin soja ko 'yan gudun hijira. Turawa kan ce wa irin wannan wuri *field campus*, alhali *campus* a Latin fili ne, *field* ma fili ne, sunan ya zama filin fili. Ni dai zango na zaɓa. Nan fatake ke sauke kaya su kwana biyu su wuce, kuma da kalmar muke ƙirga watannin makaranta, zangon farko, zango na biyu. Ɗalibi ya zo, ya yi makonninsa, ya ɗaure kaya.

Ba masu awon tsirrai kaɗai ke yada zango a nan ba. A 2008 aka kafa wata ƙungiya a ƙauyen, ta masu haɗa aikin zane, sauti da hoto da nazarin halittu, kuma ita da tashar suke karɓar baƙi a ƙarƙashin shirin Ars Bioarctica. Sunan nan ɗinki ne na ƙyalle uku. *Ars* Latin ce, gwanintar hannu, wadda kafinta ma yana da rabo a cikinta. *Bios* rayuwa ce a Girkanci. *Arktos* kuwa dabbar beyar ce, ba mai yawo a kan ƙanƙara ba, ta sama, wato tarin taurarin da Girkawa suke gane arewa da su.

Harshen Finland ya fi kowa sauƙaƙa wannan aure. Kimiyya *tiede*, aikin mai zane da mawaƙi *taide*. Wasulan tsakiya kawai suka raba su. Ta farko daga aikatau na sani ta fito, ta biyu daga na iyawa, kuma duka biyun ƙirar mutum ɗaya ce, wani likita mai suna Wolmar Schildt, a ƙarni na 19, lokacin da ake ƙoƙarin mai da harshen manoma harshen littafi.

Namu lamarin ya fi sarƙaƙiya. Ka ce wurin na kimiyya da fasaha ne, nan take mai sauraro zai hango injiniya da kwamfuta. *Fasaha* a Larabci tsabtar magana ce da iya furuci. A bakinmu ta bazu har ta rungumi mai waƙa da mai haɗa injin ban ruwa. Ba laifi ba ne, sai dai tilas ka ƙara bayani duk lokacin da kake nufin mai alƙalami.

Ƙarƙashin duk waɗannan sunaye akwai wani harshe da ya riga jami'a zuwa. Yankin na Samawa ne, wato al'ummar Sámi, makiyayan barewar ƙanƙara, kuma a bakinsu tafkin da ƙauyen ke bakinsa Gilbbesjávri ne. *Jávri* da *järvi* 'yan uwan juna ne, duka tafki suke nufi. Kashin farko kuma kunnen ɗan Finland kan ji kamar *kilpi*, garkuwa, amma kama da wane ba ta wane.

Dutsen da ya yi wa tashar rumfa, Saana, mai tsayin mita 1,029, ba a ce masa dutse kawai. *Tunturi* ne, tudun da ƙwanƙolinsa babu itace. Samawan arewa suna cewa *duottar*. Daga wani harshen Samawa na gabas Rashawa suka ɗauki kalmar, suka miƙa wa duniya ita a matsayin *tundra*, wadda ɗan sakandare a Kano yake haddacewa a darasin labarin ƙasa ba tare da an gaya masa bakin makiyayi ta fito ba.

Barewar ma suna biyu gare ta. Ta kiwo *poro* ce a harshen Finland, ta daji *peura*. Samawa suna cewa *boazu* da *goddi*. Masanin dabbobi kuwa jinsi ɗaya yake rubutawa, *Rangifer tarandus*, domin shi ba ruwansa da tsagar da ke kunnenta, alamar da ke faɗin ko ta wane ce.

Kusa da tashar akwai gandun Malla, wanda aka keɓe tun 1916. Hukuma tana kiransa *luonnonpuisto*, kalma mai ɗauke da *puisto*, irin lambun shan iska na cikin gari, ko da yake a nan, da bazara, ba a yarda baƙo ya kauce wa turbar da aka shata ba. Makiyaya kuwa makiyayar bazara suke gani, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan ko garke zai shiga.