Tarihin neman mai da kwamfuta a Malesiya

Unguwar Chow Kit da ke Kuala Lumpur ta samo sunanta daga Loke Chow Kit, attajirin da ya yi dukiya da fatauci da haƙar kuza. Kuzar ce ta kafa birnin tun 1857, kuma da ido da hannu ake nemanta, a wanke laka har baƙin yashi ya kwanta. Man fetur da ya gaje ta ba ya samuwa ta wannan hanya. Rijiyar farko, wadda Shell ya haƙa a Miri ta jihar Sarawak a 1910, a kan tudu take, amma akasarin arzikin yana ƙarƙashin teku, inda sai lissafi ke nuna shi.

Jirgin ruwa ne ke harba ƙara cikin ƙasan teku, na'urorin da yake ja su naɗi amsa-kuwwar da ke dawowa daga duwatsu. Abin da ake naɗowa hayaniya ce tsagwaronta. Masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fara tace irinta da kwamfuta a shekarun 1950, daga baya aka kai ga zana cikin ƙasa da tsawo da faɗi da zurfi.

An kafa Petronas, kamfanin man gwamnatin Malesiya, ranar 17 ga Agusta, 1974, doka ta mallaka masa man ƙasar baki ɗaya. A 1978 ya buɗe reshen bincike mai suna Carigali, shekarar da filin Tapis da ke cikin teku daura da Terengganu ya fara ba da mai a hannun kamfanin Esso. Tekun Malesiya yana da nasa ƙalubale: iskar gas da ke maƙale a duwatsun sama tana shanye ƙarar, sai hoton abin da ke ƙasa ya dusashe kamar gari cikin hazo. Gyara wannan yana cin ƙarfin manyan kwamfutoci, kuma yana buƙatar masanin da ya san duwatsun yankin. A nan ƙasar ta yi dabarar da ta cancanci yabo: ta buɗe jami'ar fasaha ta Petronas a Perak a 1997, domin 'ya'yanta su riƙa karanta bayanan da kansu.

Kamfanin Murphy ya gano Kikeh a 2002, filin ruwa mai zurfi na farko a ƙasar, aka fara haƙo mansa a 2007. A 2022 Petronas ya amince da aikin Kasawari, inda lissafin ya juya: maimakon neman abin fitarwa, ana auna dutsen da zai riƙe iskar kabon da za a mayar ƙasa.

Ma'aikatan Petronas sun taka ƙasar Nijar ma. Petronas da ExxonMobil sun yi bincike a Agadem kafin CNPC na Sin ya karɓi filin a 2008, wanda matatar Zinder ta fara tace mansa a 2011.