Hali Ba Maƙami Ba Ne: Gyara ga Masu Ƙera Na'urorin Sauya Zuciya

A 2022 David Glowacki da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin Isness-D a mujallar Scientific Reports. Mahalarta sun sanya tabarau na duniyar kwaikwayo, kowa ya ga jikinsa ya zama curin haske yana narkewa cikin na sauran. Da suka cike takardar tambayoyi 30 ta MEQ30, makinsu ya yi kusa da na waɗanda aka bai wa sinadarin silosibin mai jirkita hayyaci a gwaje-gwajen baya. Masu bin ra'ayin Andrea Gaggioli (2016), cewa ana iya tsara abin da zai sauya mutum, sai suka samu madogara.

A ganina an cakuɗa abubuwa biyu da malaman tasawwufi suka daɗe da rarrabewa. Alƙushairi ya nuna a Risalarsa cewa hali kyauta ne da ke sauka a zuciya ya wuce, maƙami kuwa sai da mujahada ake taka shi. William James ma, a 1902, ya lissafa saurin gushewa cikin alamomi huɗu na irin wannan yanayi. Takardar MEQ30 tana auna abin da mutum ya ji ne, ba ta tambayar ko ya yafe wa ɗan'uwansa. Roland Griffiths na Jami'ar Johns Hopkins ya fi taka-tsantsan: ya ji ta bakin makusantan mahalarta gwajinsa na silosibin, ya kuma koma gare su bayan wata 14.

Magoya bayan Gaggioli za su ce ai carbi ma ƙira ce. Wannan suka tana da nauyi, ba zan yi mata rufa-rufa ba. Wanda ke lazimi da ɗan ƙirgen lantarki a yatsa bai rage komai daga zikirinsa ba, don haka dole in taƙaita da'awata: na'ura tana iya yi wa tarbiyya hidima. Sai dai carbi ba ya cin riba in ka dawo gobe. Manhajar koyar da natsuwa ta Headspace kuwa da kuɗin rajista take rayuwa, tana ƙirga maka kwanakin da ka jera ba fashi, kuma mai tsoron kada lissafinsa ya karye, wataƙila, ya riga ya koma kallon kansa, alhali an ce mantawa da kai ake nema. Ko wannan ƙirge yana hana sauyin gaba ɗaya, hujjar da ke hannu ba ta kai can ba. Abin da ta tabbatar shi ne mahalarta gwajin Isness-D sun ji wani abu mai ƙarfi a ranar da suka cire tabarau.