Tuwo, Miya da Sunayen Bakin Murhu

Idan magariba ta kawo kai a gidan Bahaushe, tambayar da yara ke yi ita ce ko an sauke tuwo, ko da kuwa abin da ke kan murhu dafa-duka ne. Tuwo ya daɗe da zama sunan abincin dare gaba ɗaya. Magidancin da ya fita kasuwa tun safe tuwon iyali ya je nema, kuma da aka so nuna cewa girma yana da tsada sai aka ce tuwon girma miyarsa nama. Akwai wata karin maganar da ta fi dacewa da abin da nake son mu duba: ba a sauya wa tuwo suna. Haka ne, sunan yana nan yadda kakanni suka bar shi. Garin da ake tuƙawa ne ya yi ta sauyawa, kuma sunayen abincinmu sun adana labarin sauyin fiye da yadda muke lura.

Dawa da gero su ne 'yan gida, a nahiyar nan aka fara nomansu. Masara baƙuwa ce. Asalinta ƙasar Meziko, ba ta tsallako teku ba sai bayan shekarar 1492, kuma sunan da muka ba ta yana nuna hanyar da mutanenmu suka ga ta biyo, wato Masar. Yau tuwon masara ya fi na dawa yawa a gidajen birni da dama, har yaro zai ɗauka tun fil azal haka abin yake. Tuwon shinkafa a da na sallah ne da biki da saukar babban baƙo, sai a wuraren fadama irin su Kabi inda shinkafar take a ƙofar gida. Daga kudu aka samo alabo, wanda sunansa ke da dangantaka da elubo na Yarbawa. Na baya-bayan nan shi ne tuwon semo, wanda ya yanko sunansa daga jikin buhun Semovita na kamfani.

Abin da ya haɗa su duka shi ne muciya. Duk garin da aka zuba a tafasasshen ruwa aka tuƙa har ya haɗe jikinsa ya yi malmala, ya cancanci sunan. Shi ya sa sakwara, duk da ana cin ta da miya ana yanka loma kamar yadda ake yi wa tuwo, ta tsaya da nata sunan, don ita a turmi ake kirɓa ta. Teba ma haka, kwaɓa ta ake yi da ruwan zafi. A kunnen Bahaushe tuwo sunan aiki ne kafin ya zama sunan hatsi. Tuwon da ba miya gaya ne, wanda ya kwana aka mai da shi wuta da safe ɗumame, abin da ya kama a gindin tukunya ƙanzo. Kowane hali da tuwo ya shiga an raɗa masa suna, domin babu wanda ake zubarwa.

Miya kuwa galibi sunan ganyenta take ɗauka: kuka, kuɓewa, yakuwa, karkashi, lalo, zogale, alayyafo. Taushe ce ta bambanta, domin ita taron dangi ce, kabewa da alayyafo da yakuwa da gyaɗa, kuma ni dai kunnena taushi yake ji a cikin sunan, irin laushin da kabewa ke yi idan ta narke. A nan ne harshen ya fi nuna zurfin sanin da masu shi suka yi wa tsirrai. Ɗauki yakuwa. Ganyenta yakuwa, a wajen Sakkwato da Zamfara a ce sure. Jan kwanson da ke rufe 'ya'yanta shi ne zoɓo ko zoɓorodo da muke jiƙawa mu sha. Ƙwayar da ke ciki gurguzu, idan kuma aka dafa gurguzun aka rufe shi ya ruɓa ya zama daddawar batso. Tsiro ɗaya ke nan. Ɗorawa ma haka take: garinta mai ruwan ɗorawa da har ya ba launi suna, ƙwayarta kalwa, ɓawonta makuba da ake jiƙawa a yi daɓe da shafen katanga, sannan daddawa da ake yi da kalwar. Mutanen da suka ba kowane sashe na itace sunansa sun san amfanin kowanne. Wani likitan Turawa mai suna J. M. Dalziel ya ga yawan sunayen nan har ya tattara su a littafi guda a 1916, kuma masu nazarin tsirrai suna komawa gare shi har gobe.

Sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu musayar dabarun girki. Bakanuwar da aka kai aure Maraɗi za ta ji ana cewa guro, kuɓewa ake nufi. Zogale yana amsa zogalagandi, yana amsa tamakka a yammacin ƙasar Hausa, tsofaffi kuma sun san shi da bagaruwar Makka. Kayan lambun da Turawa suka kawo sun rabu bisa iyakar da Turawan suka shata: a Najeriya kabeji da karas da latas, a Nijar shu da karoti da salati. Ban ga dalilin da zai sa a danne wani a ɗaukaka wani ba. Wadda ke bayanin girki ga mata daga wurare daban-daban, in ta san suna biyu ta faɗi biyun.

Wasu sunayen da ganinsu ka ga ayarin raƙuma. Alkama da albasa da alkaki da alkubus duk suna ɗauke da "al" ɗin Larabci a goshinsu, alkubus ɗin ma daga kalmar Larabawa ta burodi ya fito. Gurasa da kanumfari ta wannan hanyar suka zo, kuma ba mamaki da gurasa ta yi gida a cikin birnin Kano, inda Larabawan Turabulus da Gadamas suka zauna suna ciniki. Taliya kuwa, mutane da yawa suna danganta sunanta da Italiya. Ko ma dai yaya ne, ta daɗe a hannun matan Kano da Katsina suna murza ta da kansu, har da ta leda ta cika kasuwa sai aka koma kiran ta gida taliyar Hausa ko 'yar murji. Irin wannan ya faru da dankali. Da aka kawo wani iri aka dasa a tsaunukan Jos, sai aka ce masa dankalin Turawa, mai zaƙin ya zama dankalin Hausa, alhali shi ma daga nahiyar Amurka ya fito tun da farko. Daga maƙwabtanmu na kudu muka karɓi agushi da alale, attarugu kuma ɗan'uwan ata rodo ne na Yarbawa. Jalof ta ɗauko sunanta daga tsohuwar daular Jolof ta ƙasar Senegal, amma da ta shigo sai ta tarar muna da namu, dafa-duka, sunan da ya gama bayanin girkin da kansa.

Mu ma mun bayar. Fataken goro da suka bi hanyar Gwanja suka kafa zango-zango a Salaga da Kumasi sun tafi da tukwanensu. A Ghana yau akwai abincin da kowa ya sani da tuo zaafi, har ana taƙaita shi da TZ, kuma ba wani abu ba ne illa tuwo mai zafi, ana cin sa da miyar ayoyo, wato lalo. Waakye da ake layi a saya da safe a Accra wake ne da shinkafa, ana dafa shi da ganyen jar dawa irin karan dafin da dukawa ke rina fata da shi, shi ke ba shi launin nan. Koko da ƙosai da daddawa duk suna can da sunayensu, an ɗan lanƙwasa su kawai.

Akwai suna guda da ya shigo ya yi ƙarfi fiye da kima, shi ne magi. Julius Maggi mutumin Suwizalan ne, kamfaninsa ya fito da dunƙulen a 1908, daga baya ya koma hannun Nestlé a 1947. A bakinmu yanzu kowane dunƙule magi ne ko wane kamfani ya yi shi, har farin garin Ajinomoto na Japan ya zama farin magi. Ba na cikin masu cewa a kore shi daga kicin, yana da sauƙi kuma yana da araha. Damuwata ita ce ɗanɗanon da ake nema a cikinsa shi ne wanda daddawa ke bayarwa tun kafin a haifi mai kamfanin, ga shi kuma daddawa abinci ce mai gina jiki, dunƙulen kuwa kaso mai yawa na jikinsa gishiri ne. Ina gudun ranar da za a riƙa bayyana wa yarinya daddawa da cewa ita ce magin mutanen da.

Ɗanwake ya fi ba ni tausayi. Sunansa ya faɗi uwarsa: garin wake ne, a haɗa da na dawa ko na rogo, a sa kuka da ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa. A gidaje da yawa yanzu fulawa ce zalla da kuka, waken ya fita, suna ya rage. Ana cewa na fulawa ya fi santsi, kuma gaskiya ne. To amma abincin da yara ke cika ciki da shi da daddare an cire masa abin da ke gina jikinsu. Uwargida, ko gwangwani ɗaya na wake ne a cikin huɗu, a mayar masa da shi.

Sai dai duk waɗannan sunaye ne na abubuwa, kuma suna da wuyar ɓata muddin abin yana kasuwa. Waɗanda na fi jin tsoron su salwanta su ne sunayen ayyuka. Ka saurari tsohuwa tana koya wa jikarta tuwon dawa. A surfa dawa a turmi a fitar da dusa, a bakace, a wanke, a shanya ta sha iska, a kai niƙa. A tankaɗe da rariya, gari gefe, tsaki gefe. A ɗora sanwa. In ta tafasa a zuba tsakin da ɗan ruwan kanwa a yi rude, a bar shi ya dahu sosai; in kuwa gari ne mai laushi ba tsaki, a dama kaɗan da ruwan sanyi a yi talge. Sannan a riƙa barbaɗa gari ana tuƙawa har ya yi kauri ba gudaji, a yayyafa ruwa a rufe, a janye itace a bar shi ya sulala. A sake tuƙawa, a kwashe da mara. Kowace kalma a nan tana ɗauke da adadin wuta da na lokaci da irin motsin hannu. Wadda ta san sulala ba sai an ce mata ta rage wuta na minti kaza ba. Wadda ba ta san bambancin rude da talge ba za ta yi ta mamakin abin da ya sa tuwonta ke ɗanyen gari, ko yake saki kafin gari ya waye.

Miya ma haka. Ba a dafa kuka, kaɗa ta ake yi. Ruwan miyar ne ake dafawa, da daddawa da jajjagen albasa da attarugu da ƙashi ko busasshen kifi, a bar shi ya yi ta tafasa har warin daddawar ya kwanta ya koma ƙamshi. Sannan a ɗauki maburgi, hannu ɗaya na barbaɗa kuka ɗaya na burgawa, minti kaɗan a sauke. Kuɓewa ɗanya da karkashi ana sa musu 'yar kanwa don yauƙi, kuma uwaye sun hana rufe tukunyar don kada miyar ta tsinke. Dambu turara shi ake yi a madambaci, fate kuma a bar shi ruwa-ruwa. Jajjage daban, markaɗe daban, wadda ta kai kayan miyar kuka inji aka markaɗa mata su lilis ta riga ta sauya miyar.

A da ta hanyar ciyayya dabarun nan ke yawo. Maƙwabciya ta aiko da kwanon miya, a ɗanɗana, gobe a tsallaka a ce, "Yaya, me kika sa a taushen nan?" Ta faɗa da kalmomin da su biyun suka sani. Yanzu musayar ta koma rediyo da talabijin da wayar hannu, kuma alheri ne babba, domin amaryar da ke Legas ko Jidda tana koyon miyar garinsu ba tare da ta jira zuwa gida ba. Abin da nake gani dai shi ne yawancin bayanin ya ƙare a kan "ki zuba", "ki juya", "ki barshi ya yi", sauran kuma a cike da Turanci. Ma'auni ma yana son kulawa: mudu, wanda muka aro daga Larabci, ba girmansa ɗaya ba a kowace kasuwa, kwanon Kano daban, tiyar Katsina da Damagaram daban, don haka gwangwanin madara ya fi zama abin dogaro idan ana magana da na nesa.

Roƙona ga masu koyar da girki da masu rubuta shi: in talge ake nufi a ce talge, in rude ne a ce rude, a ƙara jimla ɗaya ta bayani saboda wadda ba ta taɓa ji ba. Ke kuma da Allah ya bar miki Inna ko Goggo ko kaka da rai, ki zauna kusa da ita ranar da take tuƙi, ki tambaye ta sunan kowane abu da hannunta ya yi, ki rubuta.