Canji da Kuɗin Wa? Waiwaye Kan Yaƙin Zaɓen 1993 a Nijar

A watan Fabrairun 2021, ana saura kwanaki kaɗan a je zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Bazum Muhammad da Mahaman Usman, na gayyaci wakilan ɓangarorin biyu zuwa shirin muhawara da nake gabatarwa a gidan rediyonmu a nan Damagaram. Awa guda cur suka yi suna musayar yawu. Wannan ya ce gwaninsa zai ɗora a kan ayyukan da aka fara, wancan ya ce lokacin canji ya yi. Wayoyin masu saurare ba su huta ba, ni kuma na fito ina jin na yi aiki. Da na je gaida mahaifina da dare, tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, sai na tarar ya saurari shirin tun daga farko har ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan jarida, ka bar su sun yi ta alkawari, ba ka tambaye su da kuɗin wa za su yi ba. Mu ma haka muka yi sake a 93."

A 1993 ban wuce yaron da ake aike sayen sukari ba, don haka ban san me ake ciki ba. Maganar Baba ce ta sa na koma na bi tarihin wannan zaɓe, zaɓen shugaban ƙasa na farko da 'yan takara da yawa suka fafata a Nijar. Abin da na fahimta shi ne, an yi muhawara mai zafi a kan wanda zai hau mulki da wanda bai kamata ya dawo ba, amma tambayoyin da suka zo suka rusa gwamnatin da aka zaɓa ba su samu wurin da ya dace da su ba a lokacin kamfe.

Kafin a fahimci zaɓen, sai an san halin da ƙasa take ciki. Janar Seyni Kunce ya rasu a watan Nuwamban 1987, Janar Ali Saibu ya gaje shi, ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, a 1989. A lokacin kuɗin yuraniyom, wanda ya riƙe baitulmali a ƙarshen shekarun 1970, ya riga ya faɗi. Bashi ya yi wa ƙasa katutu, Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya kuma suna matsa wa gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka fito zanga-zanga a Yamai don nuna ƙin amincewa da wannan tsari, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta a Gadar Kennedy, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. A watan Mayun wannan shekara kuma aka yi abin da ya faru a Cintabaraden, wanda ya ƙara rura wutar tawayen Abzinawa a arewa. Ƙungiyar ƙwadago ta USTN da ta ɗalibai ta USN suka ci gaba da matsin lamba har sai da gwamnati ta yarda da jam'iyyu da yawa.

Daga nan aka kira Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Andre Salifu. Taron ya rage wa Ali Saibu iko, ya naɗa Amadu Shaifu firaministan riƙon ƙwarya, ya kuma yi fatali da tsarin tsuke bakin aljihu. Jama'a sun yi murna da wannan mataki, sai dai masu ba da bashi su ma sun riƙe hannunsu. Albashi ya dinga yin watanni bai fito ba. Baba ya ce a wannan lokaci ne ya san kowane mai kanti a unguwarmu da littafin bashinsa. Ƙuncin ya kai gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Taiwan a 1992 don ta samu rancen da za ta rage nauyin da ke kanta, abin da ya sa Sin ta yanke hulɗa da Nijar. Ashe ke nan duk wanda zai ci zaɓe, baitulmali maras komai zai gada.

An amince da sabon kundin tsarin mulki ta ƙuri'ar raba-gardama ranar 26 ga Disamban 1992. Tsarin ya yi kama da na Faransa: shugaban ƙasa da jama'a suka zaɓa, da firaminista da ke dogaro da rinjayen majalisa, kowanensu da nasa iko. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

'Yan takara takwas ne suka tsaya, amma huɗu ne manya. Akwai Tanja Mamadu na MNSD-Nasara, tsohon soja ɗan asalin Maine-Soroa, wanda ya yi gwamnan Maraɗi da na Tawa, ya kuma riƙe ma'aikatar cikin gida. Akwai Mahaman Usman na CDS-Rahama, ɗan Damagaram, masanin ƙididdiga da tattalin arziki. Akwai Mahamadu Isufu na PNDS-Tarayya, injiniyan ma'adinai daga jihar Tawa, wanda jam'iyyarsa ta 'yan gurguzu ta samu karɓuwa a wurin malaman makaranta da 'yan boko. Sai Mumuni Adamu Jarmakoye na ANDP-Zaman Lahiya, tsohon soja daga gidan sarautar Dosso, wanda ya bar MNSD bayan Tanja ya kayar da shi a takarar shugabancin jam'iyyar a 1991. Cikin ƙananan kuwa har da dattijo Jibo Bakari na Sawaba, wanda ya jagoranci masu cewa a'a ga Faransa a ƙuri'ar 1958.

To, a kan me aka yi ta gardama? Magoya bayan Nasara suna cewa su ne suka san aiki, su ke da mutane a kowane gari da ƙauye, kuma ƙasa ta lalace ne tun da 'yan Taron Ƙasa suka karɓi ragama. Abokan hamayyarsu suna amsawa da cewa waɗanda suka ci bashin, suka tsare mutane, suka harbi ɗalibai, ba su da bakin yi wa kowa wa'azi. A ƙarƙashin wannan akwai wata magana da ba a cika faɗinta a lasifika ba amma kowa ya san da ita: tun samun 'yancin kai a 1960, shugabannin ƙasa uku da aka yi, Diori Hamani da Kunce da Ali Saibu, duk daga yammacin ƙasa suka fito. A Damagaram da yankunan gabas wannan ya yi tasiri ƙwarai, kuma ya taimaka wa Rahama. Baba bai ɓoye mini ba, ya ce shi da abokansa sun fi tattauna asalin ɗan takara da tarihinsa fiye da abin da ke rubuce a takardar manufofin jam'iyyarsa, wadda da Faransanci take, kuma mafi yawan masu jefa ƙuri'a ba sa iya karanta ta.

A matsayina na ma'aikacin rediyo, akwai abin da ya ja hankalina a nan. A lokacin babu gidan rediyo mai zaman kansa a Nijar. Sai bayan zaɓen suka fara buɗewa. Muryar Sahel da Tele Sahel na gwamnati ne. Jaridu masu zaman kansu irin su Haske da Le Républicain sun yi ƙoƙari, amma masu karanta su 'yan boko ne na birane. Talaka ya dogara ne da mitin na jam'iyya, da mawaƙa da maroƙa, da sashen Hausa na BBC da Muryar Jamus da Muryar Amurka. A filin mitin kuwa ɗan takara ne ke magana, jama'a na tafi. Babu mai tsayar da shi ya ce, ranka ya daɗe, wannan asibitin da ka ambata, daga wace jaka kuɗinsa za su fito?

An fara da zaɓen 'yan majalisa ranar 14 ga Fabrairun 1993. Cikin kujeru 83, Nasara ta samu 29, Rahama 22, Tarayya 13, Zaman Lahiya 11. Ganin haka sai jam'iyyun da ke adawa da Nasara suka haɗu a ƙawancen AFC, wato ƙawancen masu neman canji, wanda ya tara kujeru 50. Yarjejeniyarsu mai sauƙi ce: duk wanda ya kai zagaye na biyu a cikinsu, sauran za su mara masa baya, a raba manyan muƙamai a tsakaninsu. Ranar 27 ga Fabrairu Tanja ya zo na ɗaya da kashi 34 cikin ɗari, Usman ya samu kusan kashi 27, Isufu kusan 16, Jarmakoye 15. Ranar 27 ga Maris, a zagaye na biyu, Usman ya yi nasara da kashi 54 da ɗoriya. Tanja ya karɓi kaye. A watan Afrilu aka rantsar da Usman, wanda har yau magoya bayansa ke kira Nafarko. Isufu ya zama firaminista, Jarmakoye ya zama shugaban majalisa. Abin lura, a duka zagayen biyu kusan kashi ɗaya bisa uku ne kawai na masu rajista suka fita jefa ƙuri'a.

Dubi wannan ƙawance da kyau. 'Yan gurguzu na Tarayya, da Rahama mai ƙarfi a tsakanin 'yan kasuwa da jama'ar gabas, da Zaman Lahiya ta wani jigo na tsohuwar gwamnatin soja, duk a jirgi ɗaya. Abin da ya haɗa su shi ne kada Nasara ta dawo. Yadda za a biya albashi, da yadda za a yi da masu ba da bashi, da wanda zai yi naɗe-naɗe tsakanin shugaba da firaminista, duk an bar su sai an hau. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba a cika shekara ba ranar tafiyar ta zo. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, magani da kayan lakwal suka fi ƙarfin ma'aikaci. Gwamnatin da ta hau da goyon bayan waɗanda suka yi fatali da tsuke bakin aljihu ta samu kanta a teburin Asusun Ba da Lamuni. Ƙungiyoyin ƙwadago da ɗalibai, waɗanda suka share mata hanya, suka shiga yajin aiki a kanta. Baba ya ce a nan ne ya gane cewa ya jefa ƙuri'ar canji ba tare da ya tambayi farashinsa ba.

Sai kuma rikicin iko. A watan Satumban 1994 shugaban ƙasa ya sa hannu a wata doka da ta rage ikon firaminista. Isufu ya yi murabus, Tarayya ta fice daga AFC ta haɗa kai da Nasara, jam'iyyar da aka kafa ƙawancen don a hana ta mulki. Usman ya rasa rinjaye, ya rusa majalisa a watan Oktoba. A zaɓen Janairun 1995 sabon ƙawancen Nasara da Tarayya ya samu rinjaye da kujeru 43, Hama Amadu ya zama firaminista, Isufu ya zama shugaban majalisa. Shugaba da firaminista suka shafe kusan shekara suna jayayya a kan wanda zai kira taron ministoci, da wanda zai tsara abin da za a tattauna, da wanda zai naɗa manyan jami'ai. Duk da haka an samu abin alheri a ciki, wato yarjejeniyar zaman lafiya da 'yan tawayen arewa ranar 24 ga Afrilun 1995. Amma aikin gwamnati ya tsaya cik, kuma ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da su gaba ɗaya. Jamhuriya ta Uku ba ta cika shekara uku ba.

Ba ina cewa da an yi muhawara mai kyau da sefa ba ta faɗi ba, ko da soja bai fito ba. A Dakar aka yanke hukuncin sefa, ga ƙasashe da yawa a lokaci guda. Kuma mutanen da suka sha ɗauri da barazana a zamanin soja suna da hujjar sa batun tsohuwar gwamnati a gaba. Abin da nake cewa shi ne, da an tilasta wa 'yan takara faɗin gaskiyar abin da ke cikin baitulmali, da jama'a sun shiga wahalar da saninsu, ba su ji an yaudare su ba. Da an sa shugabannin AFC sun bayyana a bainar jama'a yadda za su raba iko, da wanda ya saɓa ya san akwai shaidu.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa ƙawance a Nijar ba ya bin aƙida sosai. A 1999 Usman ya mara wa Tanja baya ya kayar da Isufu. A 2011 Hama Amadu ya mara wa Isufu baya, daga bisani suka zama abokan gaba. A 2021 Usman ya sake kaiwa zagaye na biyu a ƙarƙashin RDR-Canji, shekara 28 bayan canjin farko, inda ya kara da ɗan takarar Tarayya.

Tun daga daren da Baba ya yi mini wannan gyara, na rubuta tambayoyi uku a bangon littafin da nake shiga situdiyo da shi. Da kuɗin wa za ka yi abin da ka alkawarta? Da wa za ka yi mulki, kuma me kuka yi yarjejeniya a kai? In kun saɓa, wa zai sauka? Baƙi da yawa ba sa son su, wasu ma sun ƙi dawowa shirin. Amma duk ranar da aka sake buga gangar zaɓe a ƙasar nan, in Allah ya kai mu, da su zan fara kafin na ba kowa damar yabon gwaninsa.