Wuri Miliyan 30 na Sarkin Muniyo

A watan Disamba na 1852 baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya sauka a Gure, gabas da Damagaram. A lokacin Gure ce babban birnin ƙasar Muniyo, Muniyoma Koso kuma shi ke sarauta a ƙarƙashin Borno. Barth ya rubuta cewa kuɗin shigar sarkin sun kai wuri 30,000,000, daidai da dalar Sifen 10,000, ban da hatsi. Ke nan dala ɗaya wuri 3,000 ce a Gure, alhali a Kano 2,500 ce.

Abin da ya dame ni shi ne, yaya mutanen da ba su da kwamfuta suka riƙe irin wannan adadi? Wanda ya ce zai ƙirga wuri ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba salla, sai ya shafe kwana 347.

Dabarar 'yan kasuwar ƙasar Hausa ita ce tarawa. Biyar-biyar suke jan wuri da yatsu. Ashirin hauya ce, hauya 10 tsibi ne na 200, wuri 20,000 kuwa keso ne. Da wannan ma'auni dukiyar Muniyoma ta koma keso 1,500 cif, adadin da ma'aji zai riƙe a ka.

Me ya sa rabon ya tafi babu saura? Idan aka warware 30,000,000, za a tarar da 2 sau bakwai, 5 sau bakwai, da 3 guda ɗaya, an ninka su da juna. Su 5 da 20 da 200 da 20,000 duk daga 2 da 5 aka gina su, shi ya sa kowannensu ya raba ta daidai. Lamba ce cika, ba mara ba, kuma lambobi 128 ne ke raba ta, har da 1 da ita kanta. Amma a raba ta gida 7, wuri 2 zai saura. Gida 9 kuma, saura 3.

Wuri ya wuce, amma dabarar tana nan. A kasuwar Gure yau sefa 5 dala ɗaya ce, jika kuma dala 200. Yarinyar da ke talla tana ninkawa da biyar a ka, amma ta shiga aji ta ga sifili bakwai a allo, sai ta ce ita ba ta iya lissafi ba. A ganina, mu muka kasa haɗa mata kasuwa da allo.

Malamai da iyaye, ku ba yara tsakuwa ko 'ya'yan tsamiya su tara hauya-hauya. Sannan ku tambaye su: tsibi nawa na 200 ke cikin taskar Muniyoma? Wanda ya kawo 150,000 ya gane rabawa.