Gidan Horon Kangararrun Yara na Barnawa

Gidan horon kangararrun yara na Barnawa yana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, kuma Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta Najeriya ce ke kula da shi. Wata doka ta 1962 ta ware irinsa domin matasa masu shekara 16 zuwa 21. Akwai takwarorinsa a Ilorin da Abeokuta.

Ƙa'idojin Havana, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990, sun buƙaci a tsara irin wannan gini yadda za a rage haɗarin gobara, a sa ƙararrawar gargaɗi, a riƙa atisayen ficewa. Ɗakunan kwana su zama ƙanana, kowane yaro da shimfiɗarsa. Abu mai wuya shi ne ƙofa: wadda ke hana gudu ita ce za a buɗe nan take idan wuta ta tashi.