Ruth Ellis: Mace ta Ƙarshe da Aka Rataye a Birtaniya

An haifi Ruth Ellis a garin Rhyl na yankin Wales ranar 9 ga Oktoba, 1926. Tana 'yar shekara 17 ta haihu da wani sojan Kanada, wanda ya bar ta da goyo. Neman abin sawa a bakin salati ya kai ta aikin tarbar baƙi a gidajen rawa na Landan. A 1950 ta auri George Ellis, likitan haƙori kuma mashayi. Auren bai yi ƙarko ba.

A 1953 ta haɗu da David Blakely, ɗan masu hali mai tseren mota. Zamansu ya kasance na kishi da giya da duka. A farkon 1955 ya naushe ta a ciki, ta yi ɓari. Ranar 10 ga Afrilu, Lahadin Ista, ta tare shi a ƙofar mashayar Magdala da ke unguwar Hampstead, ta harba harsashi shida, huɗu suka same shi. Nan take ya cika. Ba ta gudu ba, ta tsaya aka kama ta.

An fara shari'a a kotun Old Bailey ranar 20 ga Yuni. Da lauyan gwamnati ya tambaye ta nufinta, ta amsa ba ɓoye-ɓoye cewa kashe shi ta yi niyya. Wannan amsa ta gama magana. Dokar lokacin ba ta bai wa alƙali wani zaɓi ba a kan kisan ganganci, sai rataya. Dukan da ta sha da cikin da ta rasa ba su yi nauyin da ya kamata ba a gaban kotu, kuma a nan dokar ta gaza.

Mutane kusan 50,000 sun sa hannu a takardar neman sassauci, amma sakataren cikin gida, Gwilym Lloyd George, ya ƙi. Ana gobe za a kashe ta, ta bayyana cewa wani masoyinta, Desmond Cussen, ya ba ta bindigar. Wannan ma bai sauya komai ba. Albert Pierrepoint ya rataye ta a kurkukun Holloway ranar 13 ga Yuli, 1955, tana da shekara 28.

Mutuwarta ta ƙara wa masu adawa da hukuncin kisa ƙarfi. A 1957 doka ta amince a duba halin ƙwaƙwalwar mai laifi, a 1965 aka dakatar da rataya a kan kisan kai, a 1969 aka soke ta. Danginta sun ɗaukaka ƙara a 2003, kotu ta yi watsi da ita.